Rabin Labarin da Baba Ya Ji

Cocinmu ɗaki ɗaya ne na ƙasa mai rufin kwano, a bakin unguwarmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. In na ce mutum arba'in yake ɗauka, to har da jarirai da kazar da ke shigowa kowace Lahadi ta kwanta a ƙarƙashin bencin dattawa. Gidajen Kirista a wurin ba su fi goma sha biyu ba, yawancin iyayenmu kuma ba su daɗe da karɓar bishara ba. Babana shekara uku ke nan da yi masa baftisma. Bai iya karatu ba, amma abin da ya shiga kunnensa ya zauna ke nan, ko da gatari ba ka tono shi.

Taga biyu ce a cocin. Ta ɓangaren maza bangon wani gida take kallo. Ta ɓangaren mata kuwa, daga ita ana hango kanal ɗin da ke kawo ruwa gonakinmu. Shi ya sa tun ina shekara goma sha uku aka ba ni muƙami mafi girma a ikilisiyarmu bayan na Malam: ni ce mai gadin taga.

Ruwan noman rani ba kullum yake zuwa ba. Kowane yanki da ranarsa, mu kuma Lahadi ta faɗo mana. Ba wanda ya yi mana haka da mugunta, a ofis aka raba ranakun, mai raba su ma ba na jin ya san akwai coci a wurin. Ruwan kan iso ne da hantsi ya ɗaga sosai. Wanda bai je ya tare nasa ba, na ƙasa da shi ya janye, sai kuma wani makon. Alkama kuwa ba ta jin uzuri. Don haka aikina shi ne in zuba wa kanal ido, da na ga ya fara ƙyalli in ce, "Ruwa ya iso!"

Abin da ke biyo baya sai wanda ya gani. Kafin in rufe baki coci ya watse. Maza su fita ta ƙofa, samari ta taga, mata na ɗaura goyo suna tafiya. Na taɓa ganin wani dattijo da ke ɗingishi duk mako ya wuce keke a guje. A bar Malam da littafi a hannu, da tsofaffi mata uku: ɗaya ba ta ji, ɗaya barci take, ta ukun kuma tana jiran a tashi ta share ɗakin.

Malam mai bishara ne, siriri, mai sanyin murya. Wani ƙauye yake fara zuwa ya ja musu sujada, wato ibadar Lahadi, sannan ya tuƙo keke zuwa wurinmu. Kafin ya iso mun yi waƙa har muryoyi sun dushe. In ya iso sai gaishe-gaishe, sai sanarwa, sai addu'a domin marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya har da awakinsu. Karatun Littafi Mai Tsarki shi ne na ƙarshe. Yadda yake koyarwa kuwa, ya karanta aya ɗaya, mu maimaita sau uku, ya wuce ta gaba. Da wannan tafiyar, labari bai kai tsakiya ba ruwa ya iso. In Lahadi ta zagayo ba ya komawa baya, domin akwai ɗan littafin darussa da manyansa suka aiko masa, kowace Lahadi da nata darasi, shi kuma yana tsoron a zo dubawa a tarar an bar shi a baya.

Sai ya zamana a unguwarmu kan labari muka sani, ba mu san wutsiya ba. Annabin nan da kifi ya haɗiye, a wurinmu ya shekara biyu a cikin kifin, ba wanda ya ji fitowarsa. Samari ukun da sarki ya jefa cikin wuta, mun daɗe da yi musu ta'aziyya. Yaron da 'yan'uwansa suka sayar, Inna har yanzu in ta tuna shi sai ta ce, "Allah sarki, ko ina ya ƙare?" A lokacin dariya abin yake ba ni. Ban taɓa tunanin yana iya cutar da wani ba.

Dole in faɗi gaskiya a nan, tunda na ɗauki alƙalami. Sau biyu na taɓa cewa ruwa ya iso alhali kanal a bushe yake ƙayau. Na farko yunwa nake ji. Na biyu gwadawa na yi in ga ko na farkon sa'a ce. Duk biyun ban kamu ba, don kafin mutane su isa gona su gama zagin mai buɗe ruwa, ruwan ya zo da gaske, ni kuma in ce tun daga nesa na hango shi.

Ina da wa guda ɗaya, ya girme ni da shekara biyar. A shekarar da aka hana shigo da alkama daga waje, kowa ya duƙufa nomanta, Baba ya shuka gonarsa duka. Ana cikin haka ya kwanta zazzaɓi daidai lokacin da alkamar ke fitar da kai, ya bar wa Yaya ban ruwa. Yaya ya ɗauki keken Baba kamar zai tafi gona, ashe kasuwar tumatir ta bakin titin Zariya ya nufa. Ya bar keken a hannun wani da ko sunansa bai sani ba, ya hau motar tumatir zuwa Ikko, wai zai zama yaron mota. Ruwan makon ya wuce mu. Alkamar ta yi ƙaiƙayi fiye da ƙwaya, keken kuma ba mu sake ganinsa ba. Baba ya tsaya a tsakar gida ya ce yaron nan ba zai ƙara taka masa zaure ba.

Bayan shekara guda muka ji Yaya ya dawo kasuwar tumatir ɗin, yana dakon kwanduna, yana kwana a rumfa. Wata mai sayar da fura ta kawo wa Inna saƙonsa, cewa yana so ya dawo gida amma yana tsoro. Inna ta gwada yi wa Baba maganar sau biyu. Na farko ya tashi ya bar tuwonsa. Na biyu ya ce in ta ƙara, ta haɗa kayanta ta bi shi rumfar.

A wannan tsakanin ne darasin wata Lahadi ya faɗo kan mutumin da ke da 'ya'ya biyu, ƙaramin ya karɓi rabonsa ya tafi ƙasa mai nisa ya watsar. Malam bai san halin da gidanmu ke ciki sosai ba, shi dai darasin ranar ya buɗe. Yana karantawa muna maimaitawa sau uku-uku: yaro ya tafi, yaro ya ɓatar, yunwa ta zo, yaro ya koma kiwon aladu yana kwaɗayin abincinsu. Kowace aya sai na ga kawuna suna juyowa wajen Inna. Ta sunkuyar da kai, tana murza bakin zanenta. Baba kuwa a can ɓangaren maza muryarsa ta fi ta kowa, yana gyaɗa kai kamar an ba shi gaskiya a gaban alƙali.

Da aka zo maimaita ayar aladun a karo na uku, na ga hawaye ya ɗiga a bayan hannun Inna. Ban yi shawara da kowa ba, har da zuciyata. Na miƙe na ce, "Ruwa ya iso!"

Coci ya watse yadda ya saba. Ni ma na ɗaga ƙafa zan bi ayari, sai na ji an riƙe mini gefen ɗankwali. Malam ne. Ya leƙa taga, ya dubi kanal, ya dube ni.

"'Yata, wane irin ruwa ne wannan da ƙadangare ke shan rana a cikinsa?"

"Yana tafe ne, Malam."

"To kafin ya ƙaraso, zo ki ƙarasa wa iyayen nan naki karatu, tunda an ce ke ce ta ɗaya a ajinku."

Ya miƙo mini littafin ya sa yatsa a wurin. Ranar na fara riƙe Littafi Mai Tsarki a hannuna, don a duk unguwar nasa ne kaɗai. Na fara karantawa da ƙarfi saboda mai kurumta, ina jiran in ji yadda yunwa za ta kashe yaron. Sai ga shi ya tashi ya nufi gida. Sai ga uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa a guje ya rungume shi, bai ma bari ya gama roƙon gafara ba. Aka kawo riga, aka yanka maraƙi. Na kai wurin da babban wan ya yi fushi ya ƙi shiga, uban ya fito yana lallashinsa. Na tsaya na juya shafin in ga ko akwai wani abu, babu.

Na ce, "Malam, haka ya ƙare?"

"Haka ya ƙare."

Aya uku ko huɗu suka rage Baba ya ji wannan da kunnensa, ni kuma na kore shi gona.

Da yamma, muna zaune Baba na wanke ƙafa, ya ce wa Inna, "Kin dai ji da kunnenki yau. Ba ni na faɗa ba, Littafi ne. Ɗan da ya watsar da kayan ubansa, cikin aladu yake ƙarewa."

Na ce, "Baba, ai ba nan ya ƙare ba. Ya koma gida, uban ma da gudu ya tarye shi, har da yanka."

Baba ya dube ni ya yi dariya ta hanci. "Ke ce fa kika ce kin ga tumatir da ya kai kan jariri."

"Wannan daban."

"Ke ce kika ce macijin da ya shiga gonar albasa, kansa na Kura jelarsa na Bunkure."

"Baba, wallahi da idona na karanta."

"Da idon da kika ga macijin. Uwarki ce ta sa ki. Ku ji tsoron Allah, ku bar ƙara wa Littafi gishiri."

Ban taɓa jin haushin bakina irin na ranar ba. Shekara da shekaru ina sa mutane dariya da shi, ranar da na zo da magana mai amfani guda ɗaya ba ta da mai saye.

Ranar Laraba bayan an tashi makaranta na taka har ƙauyen su Malam. Na tarar da shi yana liƙe tayar keke. Na zayyana masa komai: Yaya da rumfa, Inna da kukanta, abin da Baba ya ce. Har ƙarya biyun farko na faɗa masa, ko da yake bai tambaya ba. Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ajiye tayar ya ce, "Tsaya. Kina nufin babanki bai san yaron ya koma gida ba?"

"Ba shi kaɗai ba, Malam. Tambayi kowa. Annabi ma yana cikin kifi."

Ya so ya yi dariya, dariyar ta maƙale. Ya ce shi yana ganin ana fita, amma a ransa ya ɗauka ana ƙarasawa a gida, ko wani ya ba wani labari. Bai tsaya ya tambayi kansa da wane littafin za a ƙarasa ba. "Shekara huɗu," in ji shi a hankali, ba da ni yake ba. "Shekara huɗu ina cike darasi, ina murna ba a bar ni a baya ba."

Lahadin da ta biyo, ruwa ya iso na gaskiya, na sanar, aka watse. Sai dai wannan karon da na waiga a hanya, ga Malam a bayanmu ya naɗe wando zuwa gwiwa, littafi a hammata, yana tsallake kunya-kunya kamar zalɓe. Bai tsaya ko'ina ba sai gonarmu.

Wanda bai san ban ruwa ba zai zaci aiki ne ba hutu. Gaskiyarsa, farkon ne ke da gudu. In ka jera bututun roba a bakin kanal ka zuƙo ruwa ya kama, ka buɗe wa fangali, wato kwamin shuka, baki da fartanya, sauran jira ne har ya cika ka toshe ka buɗe na gaba. A wannan jiran Malam ya samu Baba tsaye.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa Malam. Lafiya kuwa? Ko an yi rasuwa?"

"Lafiya ƙalau. Bashin karatu na biyo ka da shi. Na makon jiya ban ƙarasa maka ba."

"Ai na ji shi sarai."

"Rabi ka ji, laifina ne kuma."

Mutanen gonakin kusa suka matso, ƙafafu duk taɓo. Malam ya buɗe littafin ya karanta tun daga farko, ba maimaitawa, tiryan-tiryan kamar mai ba da labari a dandali. Ina tsugune bayan Inna ina kallon fuskar Baba. Da aka wuce aladu aka ci gaba, ya ɗaga gira. Da aka zo gudun uban, ya ɗaga hannu.

"Dakata, Malam. Wa ya yi gudun?"

"Uban."

"Dattijo? Da gemunsa? A gaban mutane?"

"Haka aka rubuta."

"Nuna mini wurin."

Malam ya sa yatsa. Baba ya sunkuya ya ƙura wa baƙaƙen ido, shi da bai san ko ɗaya daga cikinsu ba, kamar zai kama su da ƙarya. Sannan ya juyo ya harare ni, ya ce, "Ba yarinyar nan ce ta kitsa maka ba?"

"Baba, littafin ya girme ta."

Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya ce a ci gaba. Da aka kai fushin babban wa, ya buga ƙotar fartanya a ƙasa. "Yauwa! Ga mai hankali a gidan. Wannan shi ya san zafin aikin." Da aka gama ya ce, "Wannan uban bai taɓa rasa ruwan mako guda alkama na fitar da kai ba."

Na zaci Malam zai ce a maimaita sau uku. Sai ya ce, "Wataƙila. Amma rabin dukiyarsa ya rasa. Kai a ganinka me ya sa ya yi gudun?"

Tunda nake, ban taɓa jin an tambayi wani a cocinmu abin da yake gani ba. Nan take wuri ya kaure. Wani ya ce tsufa ne ya taɓa uban. Wata ta ce wanda bai haifa ba ne zai tambaya. Wani ya ce to in haka ne kowa ya watsar ya dawo a yanka masa maraƙi. Baba kuwa ya shagala da kallon littafin a hannun Malam, har maƙwabcin gonarmu, wani dattijo Musulmi da suke wasa da Baba, ya ɗaga murya daga can.

"Maƙwabci! Na gode da sadaka, amma albasata ta ƙoshi. Zo ka toshe ruwanka!"

Fangalin Baba ya cika ya fasa kunya ya malala gonar mutane. Baba fa, wanda ke iya jin cikar fangali da kunne ko da ya juya baya.

Daga ranar abubuwa suka canja a cocin, ba da wani taro ko takarda ba. Malam ya dawo da karatu farkon sujada, waƙa da sanarwa suka koma baya. Ya ce ba za a buɗe sabon darasi ba sai an rufe na jiya, ko da masu dubawa za su tarar da mu a watan bara. In ya karanta sai ya rufe littafin ya yi tambaya, ya jira amsa, ko da amsar ta karkace. Mu 'yan makaranta huɗu ya raba mana kwanaki, kowa ya kwana biyu da littafin yana karanta wa gidajen layinsu. Cikin wata biyu muka fito da annabi daga kifi, muka ciro samari daga wuta ko gashinsu bai ƙone ba. Ranar da Inna ta ji yaron da aka sayar ya zama babban mutum har ya ciyar da waɗanda suka sayar da shi, guɗa ta yi a tsakiyar coci.

Amma wannan duk daga baya ne. A makon nan na farko, Baba kwana uku bai yi maganar ba. Yana fita gona, yana dawowa, yana cin tuwo. Ni da Inna muna tafiya a gidan kamar masu tsoron tashin jariri. Na fara tunanin cikakken labarin ma bai fi rabinsa amfani ba, tunda ga shi ya ji, ya ma zaɓi ɓangaren babban wa.

Ranar Alhamis da safe ina shirin makaranta ya kira ni zaure. Yana gyaran bakin fartanya, bai ɗago ba.

"Kin san rumfar da yake kwana?"

"Wa, Baba?"

"Kar ki raina mini hankali."

"Na sani."

"In an tashi makaranta ki je. Ki ce masa Lahadi ruwanmu ne, bayana kuma yana ciwo. Iyakar abin da na ce ke nan. Kika ƙara ko kalma ɗaya, sai na sani."

Ban ƙara ba. Wannan shi ne saƙo na farko a rayuwata da na kai yadda aka ba ni, ko da yake a hanya na tsara masa ado kala biyar na zubar. Yaya ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya sa na maimaita sau biyu, yana neman wani abu a cikin maganar da babu shi. Ya ce, "Bai ce in zo gida ba?" Na ce, "Gona ya ce."

Ran Lahadi muka tarar da shi a bakin kanal, tun kafin ruwa ya zo ya share hanyar ruwan tas. Ya durƙusa ya gaida Baba. Baba bai yi gudu ba, bai rungume shi ba, ko amsa gaisuwar kirki bai yi ba. Fartanya ya miƙa masa ya ce, "Fara daga na ƙasa." Suka yini suna aiki, maganarsu ba ta wuce "buɗe" da "toshe" ba.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, Yaya na biye da mu daga nesa. A ƙofar zaure ya tsaya. Baba ya shige ciki abinsa. Can sai muryarsa ta fito daga tsakar gida, da Inna yake: "Ki ce wa wancan ya shigo da bututun nan, kar a sace."

Yaya ya shigo da su. Ba wanda ya ce ya zauna, ba kuma wanda ya ce ya fita.

Har yau ban san ko labarin ne ya juya Baba ba, ko ciwon bayan gaskiya ne, ko kuwa dama can yana neman ƙofa ne bai samu ba sai da aka karanta masa cewa wani dattijo ya riga shi zubar da girma. Ban tambaye shi ba, ba kuma zan tambaya ba. Sai da aka yi girbi kafin ya fara kiran Yaya da sunansa. A daren farkon dai, Inna ta tuƙa tuwon da ya fi ƙarfin gidan, ta zauna kusa da murhu tana kallon Yaya yana ci, nata yana hucewa a gabanta.